Kafin Ki Cire Mayafi A Masauki: Yadda Ake Neman Ɓoyayyiyar Kyamara Da Waya



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu goma na Karaye da goma na Rogo, da duk wadda ke cikin wannan zaure namu, ina gaishe ku. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu. An ce in turo shi a rubuce saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da waɗanda datarsu ba ta isa sauke murya mai tsawo. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau na ajiye maganar taro da ta anko. Maganar ɗakin da muke kwana zan yi, idan tafiya ta kai mu Kano, ko Kaduna, ko Abuja. Kun san yadda abin yake. A taso daga Yammedi ko Zarewa da asuba, a wuni a rana, da dare a miƙa mana mukulli a ce mutum uku ɗaki ɗaya. Kowacce ta gaji, abin da take so kawai ta cire hijabi ta watsa ruwa ta kwanta. Babu mai tambayar wa ya kwana a ɗakin jiya, ko me ya bari a ciki. Kuma ba mu kaɗai ba. 'Ya'yanmu suna karatu a Bayero, a Wudil, a Zariya, da yawansu a ɗakunan haya a wajen makaranta. Amarenmu suna zuwa gidajen gyaran jiki a yi musu dilka da halawa. Duk wurare ne da mace take sakin jiki saboda ta ɗauka babu mai ganinta.

Ba sunan wani otal zan kama ba, kuma kada wata ta fita ta ce na kama. Masu masauki mutane ne masu neman halaliyarsu. Wanda ya dasa kyamara yana iya zama baƙon da ya riga ki shiga ɗakin, ko wani yaro mai gyaran wuta. Abin da ya sa nake maganar shi ne kayan sun yi araha kuma sun ƙanƙance. Ana yin kyamara a cikin kan caja, a cikin kwan fitila, a cikin agogon bango, a cikin biro, har a maɓallin riga. Ana tallarsu a intanet a fili, da sunan kayan tsaron gida.

Don ku san ba tatsuniya ba ce, a watan Maris na 2019 'yan sanda a Koriya ta Kudu suka bankaɗo wasu mutane da suka dasa kyamarori a ɗakuna 42 na masaukai 30 a garuruwa 10. Kimanin mutum 1,600 aka ɗauka ba su sani ba, ana haska su kai tsaye a intanet ga masu biyan kuɗi. A ina aka ɓoye su? A cikin dikodar talabijin, a cikin soket na bango, da wurin rataye na'urar busar da gashi a banɗaki. Idon kyamarar bai wuce milimita 1 ba, wato kamar kan allura. Ku ce min wace ce a cikinmu ta taɓa tsugunawa ta leƙa soket a otal?

Wata za ta ce ai wannan can ne. To mu dawo gida. Manyanmu sun tuna 2007, lokacin da bidiyon wata 'yar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, har aka dakatar da harkar fim na watanni. A farkon 2020 ma an sake yi da wata, wadda ta fito ta ce an ɗauke ta ne tana canza kaya ba da saninta ba. Ba zan ambaci suna ba, ƙannenmu ne, kuma an ambace su ya isa. Abin lura ɗaya ne: a duka biyun, sunan macen kowa ya riƙe. Ku tambayi mutum goma sunan wanda ya riƙe wayar, ku ga nawa za su faɗa. Mu kuwa da muka fito siyasa, mun fi kowa sanin cewa idan ana son a karya mace, ba a fara da manufarta, da mutuncinta ake farawa. Wadda take neman kansila gobe, ko wata kujera a jam'iyya, daƙiƙa talatin na bidiyo sun isa a ce ta janye, mijinta ma ya ce ta zauna a gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To yanzu ga ilimin, ku ba ni hankalinku.

Kyamara ba ta gani a duhu, kamar yadda idonki ba ya gani. Mai son ya ɗauki mutum da dare dole ya haska ɗakin, amma idan ya kunna fitila ai kin gan shi. Sai aka sa wa irin waɗannan kyamarori wasu 'yan ƙananan fitilu masu fitar da wani haske da idon ɗan'adam ba ya gani. Sunansa infirared. Haske ne na gaske, yana nan a cikin hasken rana ma. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi a 1800, da ya raba hasken rana launi-launi ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai. Masana suna auna haske da wani awo da ake kira nanomita. Idonmu yana gani daga wajen 400 zuwa wajen 700. Fitilun kyamarar dare kuwa yawanci 850 ne ko 940. Kun ga sun wuce iyakar idonmu. Ke kina ganin ɗaki baƙi ƙirin, ita kyamarar a wajenta an kunna tocila.

Na 850 ɗin, idan kin ƙura ido a duhu, za ki iya hango ɗan ja-ja dishi-dishi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Kun taɓa lura da kyamarar tsaro a ƙofar shago da dare, da wasu jajayen ɗige-ɗige kewaye da idonta? To shi ne. Na 940 kuwa ko wannan ba ya yi, shi ya sa masu mugun nufi suka fi son sa.

Inda Allah Ya taimake mu shi ne, idon kyamarar wayarki ya fi naki nisa. Abin da ke karɓar hoto a cikin waya yana jin wannan hasken. Masu ƙera waya suna sa wani ɗan gilashi a gabansa ya tace shi, kamar yadda rariya ke tace gari, don kada hoto ya ɓaci. Amma rariya ai kala-kala ce, wata laushi wata mai manyan huda. A wayoyi da yawa ta kyamarar baya ta fi tsauri, ta gaba kuwa, wadda muke salfi da ita, tana barin hasken ya wuce. Shi ya sa abin da ya yi wa Hajiya mai Tecno aiki ba lalle ya yi wa mai iPhone ba, kuma tsadar waya ba ta da alaƙa da wannan. Sau da yawa ma mai arahar ta fi gani.

Saboda haka aikin farko a gida za ki yi shi, yau ɗin nan, tun kafin wata tafiya. Ɗauko rimot na talabijin ko na dikoda, ko StarTimes ne ko GOtv. A bakinsa akwai ɗan ƙaramin ƙwai kamar dutsen ado. Danna kowane maɓalli ki kalle shi da idonki, ba za ki ga komai ba. Yanzu buɗe kyamarar wayarki, ki saita bakin rimot ɗin ga idon kyamarar, ki sake dannawa kina kallon fuskar wayar. Za ki ga haske yana ƙyafta, fari-fari ko ruwan hoda ko shuɗi mai ja-ja. Wannan shi ne infirared, yau kin gan shi. Ki gwada da kyamarar baya, ki juya ki gwada da ta gaba, ki riƙe wadda ta fi nunawa. Idan duka biyun ba su nuna ba, ki duba ko batirin rimot ɗin na da rai, ki gwada wani rimot, don wasu na sababbin talabijin ba da haske suke aiki ba. In har yanzu shiru, to wayarki ba ta wannan aikin ba ce. Kada ki shiga otal da ita ki ce kin duba. Ki nemi ta abokiyar tafiyarki. Shi ya sa nake son a kowace mota da za ta tashi, a san wayoyin da suke gani tun daga gida.

Kuma don Allah kada zumuɗi ya sa wata ta je ƙofar banki ko ofishin 'yan sanda da dare tana ɗaga waya tana haska kyamararsu wai gwaji take yi. Ba ni zan zo beli ba. Idan kina son ganin yadda ta gasken take, ki roƙi mai shagon unguwarku da ke da ita ya bar ki.

Yauwa, an ba ki ɗaki. Kina nan da mayafinki, ba ki buɗe jaka ba tukuna. Rufe ƙofa, saki labule, kashe duk fitilu, kashe talabijin. Duhun nan shi ne sharaɗin aikin gaba ɗaya, saboda kyamarar tana da abin da ke jin haske, ba ta kunna fitilunta na dare sai ta ji duhu. In akwai haske a ɗakin, ko kin wuni kina nema ba za ki ga komai ba. Rage hasken fuskar wayarki, ki kashe filashi, ki ɗan jira kamar rabin minti. Sai ki buɗe kyamarar da kika gwada, ki fara bin ɗakin sannu a hankali, kamar mai neman ɗan kunne da ya faɗi. In ta gaba ce, sai ki juya fuskar wayar wajen bango kina leƙawa ta gefe, ko ki danna ɗaukar bidiyo ki zagaya, bayan kin gama ki zauna ki kalla. Ni na fi son na biyun, ya fi sauƙi, kuma in akwai wani abu kin riga kin samu shaida.

Ki matsa kusa. Fitilun ƙananan kyamarori ba su da ƙarfi, in kin tsaya a bakin ƙofa kina lilo da waya ba lalle su fito ba. Taku biyu ko uku tsakaninki da abin da kike dubawa. Abin da kike nema ɗigon haske ne a fuskar waya, ɗaya ko da yawa a jere, wanda in kin ɗauke wayar kin kalli wurin da ido babu shi. Ya tsaya cak ba ya ƙyaftawa irin na rimot. Ki fara da duk abin da ke fuskantar gado, sannan banɗaki, sannan inda madubi yake. Ki duba dikoda da ƙasan talabijin, soket-soket, agogo, kwan fitila, hudar silin, jikin na'urar sanyaya ɗaki, da abin nan mai kama da faranti da ake mannawa a sama don jin hayaƙi.

Kada kuma ki tayar da otal a kan banza. Ɗan jan haske ko kore na dikoda da na esi, wanda kike gani da idonki, alamar wuta ce kawai. Wayar abokiyar kwananki ma tana iya nuna ɗan haske yana ƙyafta a samanta, musamman mai buɗewa da fuska, don ita ma da infirared take gane mai ita.

Yanzu ga wurin da nake son ku fi riƙewa, don shi ne masu tura 'yan gajerun bidiyo a zauruka ba sa faɗa. Idan kin duba ba ki ga haske ba, ba a ce ɗakin ya tsarkaka ba. Abin da kika tabbatar kawai shi ne babu kyamara mai fitilar dare da ke kunne a inda kika haska. Akwai kyamarori da yawa da ba su da wannan fitilar sam, suna jira ne ki kunna wuta da kanki su ɗauka. Irin waɗannan waya ba ta ganinsu ta wannan hanyar. Haka na'urar ɗaukar murya, ba ta fitar da kowane haske. A birnin Seoul na can Koriya, a 2018, bayan dubban mata sun yi ta fita zanga-zanga a kan wannan masifa, gwamnatin birnin ta ce za a riƙa duba banɗakunan jama'a sama da 20,000 kullum. Kafin nan akwai ma'aikata 50 da aikinsu ke nan, da na'urorinsu, amma aka ruwaito sun yi shekara biyu ba su kama ko ɗaya ba, alhali bidiyoyin suna ta fita. Mai dasawa yana iya sawa ya cire cikin ɗan lokaci. In ƙwararru da kayan aiki haka ta same su, ke da Itel ɗinki kada ki ce kin gama.

To sai a ƙara da tocila. Kowace kyamara, mai fitila da marar fitila, dole tana da ido na gilashi, kuma gilashin yana maido da haske. Cikin duhun nan, kunna tocilar waya, ki riƙe ta daf da idonki, a gefen fuska. Riƙon nan yana da muhimmanci, don hasken yana komowa ne ta inda ya fito, in tocilar tana wajen cikinki ba zai dawo idonki ba. Ki bi wuraren da na lissafa a hankali. Idon kyamara yana ƙyalli ɗan mitsitsi, kamar idon kyanwa da dare, wani lokaci da shuɗi-shuɗi. Ƙarfe da leda ma suna ƙyalli, don haka duk abin da ya ƙyalla ki matsa ki gani, huda ce ko kan ƙusa.

Sannan a yi aiki da hankali, wanda ya fi waya. Zauna a bakin gado ki tambayi kanki, me ke kallona daga nan? Kyamara tana buƙatar hanya a buɗe zuwa gare ki, kuma tana buƙatar wuta, shi ya sa ake yawan ɓoye ta a abin da ke jone da soket. Caja a bango wadda ba taki ba, me take yi? Cire ta ki sa a durowa. Agogo biyu a ɗaki ɗaya? Ƙugiyar rataye kaya a banɗaki mai ɗan huda a samanta? Abin da kika kasa gamsuwa da shi, ki yafa masa tawul ko ɗankwali, ba ki yi wa kowa laifi ba. Abin jin hayaƙi ne kawai kada ki rufe ki kwana, wannan don gobara aka sa shi, ki duba shi dai da kyau, in bai kwanta miki ba ki nemi a canza miki ɗaki. Kuma ɗauke wutar NEPA ba kariya ba ce, wasu da batiri suke aiki suna tarawa a memori.

Maganar ɗora farce a kan madubi a ga ko akwai tazara, da ake ta yaɗawa, kada ku dogara da ita, kaurin gilashi da irin madubin suna canza abin da za ki gani. Haka manhajojin da ake tallatawa wai suna gano kyamara da kansu. Yawancinsu ƙarfe da maganaɗisu kawai suke ji, su yi ta ƙara a jikin kowace ƙusa, su cika miki waya da talla, wasu kuma su nemi izinin shiga hotunanki. Kin je neman mai leƙe kin buɗe masa ƙofa da hannunki.

In Allah Ya sa kin ga wani abu, kada ki fizge shi, kada ki fasa. Ki kunna wuta, ki ɗauki hotonsa da bidiyonsa a inda yake, yadda za a ga ɗakin da lambar ƙofa. Ki kira mace ɗaya ko biyu cikin tawagarmu su gani da idonsu. Ki rufe shi da zane, ku kwashe kayanku ku fita, ki kira ni ko shugabar tafiya. Daga nan ofishin 'yan sanda mafi kusa za a nufa, a rubuta ƙorafi, su zo su cire da hannunsu, saboda memorin da ke ciki shi ne shaida, kuma ƙila akwai matan wasu a kai waɗanda suka riga ki kwana a ɗakin. In kin miƙa wa yaron kanta ya ce zai kai wa manaja, ba lalle ki sake ganinsa ba. Idan a cikin jihar Kano ne, Hisbah ma suna karɓar irin wannan kuka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ruga Facebook ko TikTok da sunan otal kafin a tabbatar. In ya tashi ashe fitilar dikoda ce, ke za a kai ƙara.

Kuna da haƙƙi, ba alfarma kuke roƙo ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da maganarsa ta waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta wanda ya yi amfani da waya ko kwamfuta ya yi wa mutum barazanar ɓata suna don ya tatsi wani abu a hannunsa. Kamfanin Airbnb mai hayar gidajen kwana a duniya ma, tun daga 30 ga Afrilu 2024 ya hana sa kowace kyamara a cikin ɗakunan da ake haya ta hannunsa. Mu kuwa tun a Islamiyya aka karantar da mu hanin leƙen asirin mutane a Suratul Hujurat, da neman izini kafin shiga ɗaki a Suratun Nur. Don haka duk wadda aka turo wa hotonta aka ce ta kawo kuɗi ko ta janye takara, kada ta biya, kada ta goge saƙon, kuma kada ta haɗiye ita kaɗai. Wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Ta zo ta same ni, magana ba za ta wuce mu ba sai inda ya kamata.

Saura abu ɗaya, kuma wannan namu ne mu mata. Kyamarar da ta fi cutar da mu a Karaye da Rogo ba a cikin soket take ba, a hannun 'yar'uwarmu take. A ɗakin amarya ana shiri, wata ta jingina waya a jikin kwalla tana ɗauka. A wurin kitso kai a buɗe, yarinya tana salfi ke kina bayanta. A gidan biki an ce mata zalla, an saki jiki ana rawa, kafin magariba bidiyon ya kai majalisar samari. Wannan babu rimot ko tocilar da za ta kama shi, baki ne zai yi aiki. Ki ce ajiye wayar nan, ko 'yar wace ce. Kuma a wannan zauren, na faɗa wa masu kula da shi, duk wadda ta turo hoton tsiraicin wata mace ko bidiyon da aka ɗauka a ɓoye, ko da matar 'yar wata jam'iyya ce, ko da da sunan ku ga abin da duniya ta zama, za a goge kuma za a cire ta. In ya shigo wayarki daga wani wuri, ya mutu a nan.

Shugabannin mazaɓu, daga Kurugu, Turawa da Tudun Kaya har Beli, Fulatan da Zoza, kowacce ta zo zama na gaba da rimot a jakarta. Za mu rufe tagogi mu gwada wayar kowa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta waɗanda suke gani da ta wace kyamara. Masu 'ya'ya a makaranta ku tura musu wannan yau, ku ce su gwada su turo muku hoton hasken rimot ɗin don ku tabbatar sun yi. Mai tambaya ta turo min ta gefe, kada a cika zaure.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kai mu tafiye-tafiyenmu lafiya Ya dawo da mu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Shugabar Mata, Karaye da Rogo